Futun Alhaji Yuguda

Tun da Alhaji Yuguda ya dawo daga aikin hajji, babu wanda ya ji labarin Arfa ko na jifan Shaiɗan daga bakinsa. Sauran alhazan Unguwar Ƙirya, wani ƙauyen manoman shinkafa da ke shan ruwan dam ɗin Watari, sun dawo da dabino da zamzam da kumburin ƙafa. Shi kuwa da futu ya dawo, kuma a baki ya zo da shi, babu ko ɓarɓashinsa a jaka.

Asalin abin bai kai ya kawo ba. A bayan masaukinsu na Madina akwai wani ɗan shago, inda wani mutumin Indunusiya ke yi wa 'yan ƙasarsu abin marmari. Garin shinkafa ne kore shar, a dura shi cikin 'yan guntayen gora, a sa baƙin sukari a tsakiya, a ɗora a kan wani gwangwani mai huci da ke ta fito shi kaɗai. In ya turaru a turo shi waje, a barbaɗa masa kwakwa. Yuguda ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo yana haɗiyar yawu, har mutumin ya ji nauyi ya miƙo masa guda ɗaya. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Amma labarin ya yi ƙiba a jirgi. Farkon dawowarsa, ɗanɗanawa ya yi. Kafin shinkafar damina ta fid da kai, koya masa aka yi. Zuwa girbi kuwa, shi ne ya gyara wa mai shagon hannu, har mutumin ya riƙe masa riga yana kuka ranar da za su taho.

"Sunansa futu," in ji shi a majalisar ƙofar gidan Mai unguwa, yana gyara zaman farar hular da bai cire ba tun Jidda. "Wanda bai ci futu ba, to shinkafa kawai yake nomawa, bai san abin da yake nomawa ba."

Sabo na gefe yana ɓarar gyaɗa. Ɗan kawun Yuguda ne, taubashinsa, kuma tun suna yara bai taɓa barin maganar Yuguda ta sauka ƙasa lafiya ba.

"Futu ka ce, ko tutu?"

"Kai dai jahilci ya gama da kai. Har yarensu na iya. In abu ya yi kyau, sai ka ce bagus. In ya yi araha, mura."

"Mura? Allah ya sawwaƙe."

"In za ka yi godiya kuma, tirima kasi."

"To kun ji," in ji Sabo yana duban jama'a. "Na ce tutu ya musa. Ga shi ya kawo kashi da bakinsa."

Da a nan abin ya tsaya, da ba a yi ɓarna ba. Sai ga Mai unguwa Nababa ya dawo daga Bagwai da albishir. Wata ƙungiya mai taimakon manoma a birni tana da injin casa da niƙa guda ɗaya, kuma ko a Unguwar Ƙirya za a kafa shi, ko a Gangaren Maje, ƙauyen da ke tsallaken magudanar ruwa. Baƙi za su zo su duba garuruwan biyu su zaɓa. Tsakanin ƙauyukan nan kuwa akwai tsohuwar gaba, wadda babu mai tuna mafarinta amma kowa na kula da ita kamar gonar gado.

"Sai a faɗa wa Safiyatu ta shirya waina da taushe," in ji Mai unguwa. Safiyatu matar Yuguda ce, kuma wainarta ce ake fita kunyar baƙi da ita a garin shekara da shekaru.

Yuguda ya miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, waina? Su Gangaren Maje me kake tsammani za su yi? Waina. Mutanen nan na birni, wainar ce ta ishe su har ta fara yi musu gizo. Amma ka ɗora musu futu a faranti, su ga shinkafar Unguwar Ƙirya ta zama abincin ƙasar waje, wallahi injin nan da ƙafarsa zai tako."

"Ka tabbata ka iya?"

"Ni? A tambayi Madina."

Babu mai lambar Madina. Mai unguwa ya hango fuskar dagacin Gangaren Maje ranar da zai ji an kayar da shi da abincin da ko sunansa bai iya faɗa ba, sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce a ba Alhaji duk abin da ya nema.

A gida, Safiyatu ta saurare shi har ƙarshe tana tsince wake.

"Alhaji, tun da aka kawo ni gidan nan, ka taɓa dafa ko ruwan zafi?"

"Wannan ba girki ba ne, Safiya. Ilimi ne."

"To. Ni mene ne nawa a cikin ilimin?"

"Daka. Ke da matan gari. Gari nake so mai laushi kamar hoda."

"A kai inji mana."

"Injin da yake kan hanyar Gangaren Maje? Su ga buhunanmu su gane sirrin? A turmi za a daka."

Haka kuwa aka yi. Kowane gida ya kawo nasa kason shinkafa, aka jiƙa, aka shanya, mata suka kama daka. Daga hantsi har la'asar ba ka jin komai a garin sai lugude. Ana casa, ana daka, ana tankaɗe, Yuguda na zagayawa hannu a baya, yana murza garin tsakanin yatsu yana cewa, "Bai kai bagus ba. A ƙara." Matan suka ci gaba da daka. Sai dai duk lokacin da taɓarya ta sauka, akwai wadda ke kiran sunansa a hankali.

Matsala ta farko gora ce. Duk faɗin ƙasar nan babu irin mai faɗin rami da ya gani a Madina. Ya gwada karan dawa, ramin ko allura ba ta wucewa. Sai idonsa ya faɗa kan fayif ɗin roba da Sabo ke jan ruwa da shi zuwa gonar tumatir. Bai tambaya ba. A ganinsa aikin gari ne. Ya yanka shi gunduwa-gunduwa.

Matsala ta biyu launi. Ya tuna futun Madina kore ne, amma bai san ganyen da ya kawo koren ba. Ya ce ai kore kore ne, ya zuba kuka.

Ya jera fayif ɗin a kan tukunyar dambun Safiyatu, ya hura wutar da za ta ishi dafa sa. Ba a jima ba robar ta yi laushi, ta sunkuya, ta kwanta a kan 'yar'uwarta. Abin da ke ciki kuma ya biyo gefe yana yauƙi, kore, mai warin ƙonanniyar taya. Daidai nan Sabo ya shigo neman fayif ɗinsa. Ya dubi tukunya, ya dubi guntayen da suka rage a ƙasa.

"Yuguda, wannan fayif ɗina ne?"

"Na gari ne yanzu."

"Wannan kuma da yake dalala, shi ne futun?"

"Gwaji ne."

"To ai na faɗi sunansa tun farko, ka ce ni jahili ne."

Yuguda bai karaya ba. Ya ce laifin ƙananan kayan aiki ne. Babban mutum ba ya girki a tukunyar mata. Washegari ya ɗaure tsohon duro a bayan babur ya nufi Bagwai, wurin Kamaruddeen mai walda. Ya sa aka liƙe murfin duron ruf, aka huda shi, aka dasa guntayen fayif na ƙarfe a kan kowace huda, suna tsaye cirko-cirko. Aka bar ƙofar zuba ruwa mai marfin murɗawa. A tsakiya kuma ya sa aka kafa usur na ƙarfe, irin na alƙalin wasan ƙwallo.

"Alhaji, wai me ake ƙerawa ne?" in ji Kamaruddeen. "In bindiga ce, ni ba ruwana."

"Tukunyar futu ce. Ba za ka gane ba."

"To ko ma mece ce, ka ga wannan usur ɗin? Ta nan za ta riƙa numfashi. Kada ka kuskura ka toshe shi."

"Yaro, ni za ka koya wa futu?"

Abin da Yuguda ya manta shi ne, tun shekarar da aka kore shanun Mai unguwa, garin ya yi yarjejeniya: dogon usur ba ya nufin komai sai ɓarayi ko gobara, kuma duk wanda ya ji shi ya fito da abin da ke hannunsa.

Da la'asar sakaliya ya girke duron a bayan gida, ya cika shi da ruwa, ya tura masa itace da buntun shinkafa. Hayaƙi ya turnuƙe ya haye katanga. Duro ya fara guna-guni, ya yi tari, sannan usur ya buɗe murya. Ba irin ɗan fiton Madina mai daɗin ji ba. Wannan ƙara ce da ta tashi tantabarun masallaci, ta sa jakin maƙwabci ya tsinke igiya. Kuma ba ta tsayawa shan iska.

Yuguda ya riƙe ƙugu yana murmushi. "Bagus," in ji shi.

'Yan sintiri ne suka fara isowa, da gora da adda da wata bindigar toka da ba a taɓa jin ta tashi ba. Suka ga hayaƙi, suka yi ihun gobara. Mata suka fito da bokitai. Babu wadda ta tsaya leƙawa. Ta kan katanga aka riƙa aiko ruwan. Na rijiya, na wanki, na wanke-wanke da guntun tuwo a ciki. Yuguda ya buɗe baki zai ce ba gobara ba ce, aka cika masa shi da ruwan jiƙon dawa. Ya juya zai gudu, wani ɗan sintiri da ya diro ta kan katanga ya ga mutum na gudu cikin hayaƙi, ya shimfiɗa masa gora a gadon baya.

"Na kama shi! Ga ɓarawon!"

"Ni ne! Alhaji ne!"

"Kowane ɓarawo haka yake cewa!"

Sai da Safiyatu ta fito ta shaida mijinta ne aka ɗaga shi. Ta ɗan yi jinkiri kafin ta shaida, amma ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido.

Mai unguwa ya iso yana haki, rawani a hannu. Da ya ji bayani, ya nuna duron da yatsa. "Alhaji, gobe baƙin nan za su zo. In na sake jin kukan abin nan, kai da shi zan sa a jefa a dam."

Yuguda ya kwana da mura, ta gaske, ba ta yaren Indunusiya ba. Hanci ya toshe, ko hayaƙin barkono ba zai ji ba. Sabo ya leƙo da safe ya yi masa sannu. "Tun dawowarka kake kiranta, mura, mura. Ga ta nan ta amsa."

Saura launi. Kuka ta ci amanarsa, don haka ya yanke shawarar garin zogale. Safiyatu ta tafi kai wa matan gari tabarmi, shi kuma ba ya son ta san sirrin haɗin. Ya shiga ɗakinta ya laluba bayan kwalla, ya sami wata roba cike da koren gari mai laushi. Ya kai hanci, bai ji komai ba. Ya juye ta duka a cikin garin shinkafa, ya yayyafa ruwan ɗumi, ya naɗe hannun riga ya shiga cuɗawa. Ya cuɗa, ya murza, ya danna har gwiwar hannu. Ya daɗe yana yi, don ya ce a Madina ma sai da ya nuna wa mutumin cewa sirrin futu cuɗa ce. Sannan ya dura cikin fayif ɗin ƙarfe, ya jefa mazarƙwaila a tsakiya, ya ɗauki muciya ya kirɓa kowanne har ya yi tauri kamar daɓe.

Da ya je wanke hannu, koren ya fita. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ya ƙi fita. Ya sa sabulu, ya sa toka, ya sa yashi. Hannayen suna ta ƙara ja.

Safiyatu ta shigo ta tsaya. Ta dubi hannayen, ta dubi robar da ke kife.

"Alhaji, lallen bikin 'yar ƙanwata ne ka juye?"

"Zogale ne."

"Lalle ne. Ni na daka shi da hannuna." Ta matso ta kama hannunsa ta juya. "Kai, ya kuwa kama. Ni ban taɓa samun ya yi mini haka ba."

"Safiya, ba lokacin wasa ba ne."

"To a zubar da ƙullun nan. Ba za a ba baƙi lalle su ci ba."

"A zubar? Garin da mata suka yi kwanaki suna daka? Mazarƙwaila za ta rufe. Can ma ai ganye ne suke sawa, wa ya san ko lallen ne?"

"Ni dai na faɗa," in ji ta, ta ɗauki mayafinta.

Aka kai duron filin ƙofar Mai unguwa a amalanke, aka girke shi a gaban rumfar baƙi, don Yuguda ya ce futu a gaban mai ci ake turara shi. Ya zura babbar riga, ya ɓoye hannuwa a ciki. Kafin a hura wuta ya tuna gargaɗin Mai unguwa. Ya faki ido ya cusa totuwar masara a bakin usur ɗin, ya bi da tsumma, ya shafe da laka. Ya ce a ransa, mai walda walda ya sani.

Gari ya cika. Har 'yan Gangaren Maje sun tsallako sun tsaya daga bakin magudana, wai wucewa suke yi. Motar baƙi ta iso wajen azahar: maza biyu, da wata mace mai gilashi da ake kira Malama Raihana, wadda ita ce shugabar tafiyar. Mazan suka bi layi suna gaisawa da dattawa. Da suka zo kan Yuguda suka miƙa hannu, sai ya ɗan rusuna, hannuwa na cikin riga.

"A Indunusiya mai futu ba ya ba da hannu ranar aiki," in ji shi ta hanci. "Al'ada ce."

Mai unguwa ya tashi ya yi jawabi. Ya yabi shinkafar garin, ya yabi ruwan Watari, ya taɓo Gangaren Maje ba tare da ya kira suna ba. Sannan ya nuna Yuguda. "Ga kuma ɗanmu Alhaji Yuguda, wanda zai ba ku abincin Indunusiya da shinkafarmu. Yaren mutanen nan kuwa, yana jin sa kamar Hausa."

Fuskar Malama Raihana ta washe. "Ikon Allah! Ai can na yi karatun noman shinkafa. Na daɗe ban sami abokin hira ba." Ta juyo wajen Yuguda da fara'a. "Apa kabar, Pak Haji?"

Yuguda ya ji kalma ɗaya ce kawai ta yi kama da wadda ya sani. Ya zaro ido. "Kabari? Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"A'a, Alhaji. Cewa na yi yaya kake."

"Oho. To, ai wannan yaren 'yan kudancinsu ne. Ni na arewa na iya."

Sabo ya faɗi daga kan benci. Sai da aka ɗaga shi.

Malama Raihana ta danne dariyarta, ta dubi duron da wuta ke ci a ƙarƙashinsa. "Wannan putu za a yi? Ban taɓa ganin tukunyarsa mai girma haka ba. Ina ka samo ganyen da ake sa masa?"

"Bagus," in ji Yuguda.

"Amma ai shi da fito aka san shi. Tun daga nesa ake jin mai sayarwa. Naka shiru." Ta ƙara dubawa, murmushin ya fara barin fuskarta. "Alhaji, ta ina hucin yake fita?"

"Wannan na zamani ne. A ciki yake riƙe hucinsa."

Duron ya yi wani nishi mai tsawo, kamar sa ya ƙoshi da ɗanyen wake. Cikinsa ya ɗan kumbura. Ya fara rawa a kan duwatsun murhu.

"Ku matsa!" in ji Malama Raihana. "Kowa ya matsa baya!"

Totuwar ce ta fara tashi. Ta fita fiu, ta ɗauke rawanin Mai unguwa ta kai shi kan rumfa, usur kuma ya saki ihun da ya tara tun safe. Kafin a gama salati, fayif na farko ya yi tum! Curin futu ya tashi sama ya haye bishiyar mangwaro. Na biyu ya bi shi. Daga nan suka kama tashi bi da bi, tum, tum, tum, kore-kore, suna zubar da narkakkiyar mazarƙwaila a hanya. Ɗaya ya sauka a aljihun baƙo. Ɗaya ya manne a gilashin motarsu. Ɗaya ya tsallake magudana ya sami wani ɗan Gangaren Maje a ƙeya, abin da har yau mutanen Unguwar Ƙirya ke cewa shi kaɗai ne ya tafi inda ya dace.

Dattawa suka kwanta rub da ciki. Liman ya shige ƙarƙashin benci yana karanta abin da ya zo bakinsa. 'Yan sintiri suka zo da gudu, suka tarar ba wanda za a doka, sai mai bindigar toka ya ɗaga ta sama ya ja kunama don kada a ce bai yi komai ba. Ba ta tashi ba.

Yuguda kuwa, da curi na ƙarshe ya wuce ta gefen kunnensa, ya manta da al'adar Indunusiya. Ya watsa hannuwa sama yana ihu, "Wayyo Allah! A kashe wutar!" Hannun riga ya zame har kafaɗa.

Duron ya yi shiru. Filin ma ya yi shiru. Ga Alhaji Yuguda tsaye a tsakiyar gari, hannu biyu a sama, jajaye wur daga farce har gwiwar hannu.

Wata tsohuwa daga cikin matan da suka sha daka ce ta fara. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Sauran suka karɓa. Guɗa ta zagaye filin kamar an fito da amarya.

"Allah ya sanya alheri!" in ji Sabo yana share hawaye. "Yuguda, wane ne angon? Ai da ka faɗa mana mun yi anko!"

Malama Raihana ta ciro wani ɓarɓashi daga mayafinta ta shinshina. "Wannan ai lalle ne."

"Nawa ne, ranki ya daɗe," in ji Safiyatu daga cikin mata. "Na biki ne."

"Garin shinkafar fa? Duk wannan a wane inji aka niƙa?"

Safiyatu ta matso gaba. Ta buɗe tafin hannunta kawai. Matan da ke kusa da ita su ma suka buɗe nasu, duk kanta da bororo, wasu sun fashe. Malama Raihana ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta koma gefe ta yi magana da abokan tafiyarta, ɗayan yana ta ƙoƙarin raba aljihunsa da mazarƙwaila. Sannan ta dawo gaban Mai unguwa, wanda ke tsaye kai ba rawani.

"Ranka ya daɗe, za mu je Gangaren Maje mu duba, don haka aka aiko mu. Amma ban ga alamar za mu sami garin da ya fi wannan buƙatar inji ba. In ya zo, a hannun matan nan zai zauna. Kuma akwai sharaɗi." Ta nuna Yuguda da gefen gilashinta. "Alhaji ba zai matso kusa da shi ba. Ko inuwarsa."

Yuguda ya sauke hannuwa, ya gyara hula, ya juya ga jama'a. "Kun gani? Me na ce muku? Na ce futu zai kawo inji ko ban ce ba?"

Mai unguwa ya sa aka sauko masa da rawaninsa daga kan rumfa. Da ya warware shi, sai ga curin futu guda, lafiyayye, ya maƙale a cikin naɗin, ko gefensa bai ɓantare ba. Ya ɗauke shi da yatsu biyu, ya taka har gaban Yuguda.

"Alhaji, mata sun daka, jama'a sun sha ruwan futu, ni na sha totuwa. Kai kaɗai ne ba ka ci komai ba. Bismillah."

"Ranka ya daɗe, ai mai girki ba ya..."

"Bismillah, na ce."

Jama'a suka matso. 'Yan Gangaren Maje ma suka ƙaraso, har da mai ƙeyar. Yuguda ya karɓa da jan hannunsa, ya dube shi, ya dubi Safiyatu. Ta gyara tsayuwa ta naɗe hannu. Ya gatsa.

Ɗaci ya fara kama masa harshe, ya bi ta dasashi, ya haura har cikin kunne. Hancin da ya toshe tun jiya ya buɗe nan take. Idanunsa suka kawo ruwa, jijiyar wuyansa ta miƙe, gemunsa na rawa. Ya tauna, ya sake taunawa, abin ya ƙi ƙarewa. Da ƙyar ya tura shi, aka ji saukarsa.

"To, gwanin Madina," in ji Sabo. "Yaya?"

Yuguda ya share hawaye da gefen riga. Ya ɗan ɗaga kai sama kamar mai nazari, ya lashi leɓe.

"Gishiri ne kawai bai ji ba."